Shuɗin Akwati da Kundin Babana

Ranar wata Talata cikin watan Janairu hazo ya sauko mana da ƙarfi, har wanda ya tsaya a bakin hanyar Kafanchan ba ya iya hango Dutsen Kagoro, dutsen da kullum ya ke tsaye a gabanmu kamar bango. Na shiga aji ina kakkaɓe ƙura, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ɗazu mun ji ƙugin jirgin sama ya wuce ta kanmu, amma ba mu gan shi ba. To, shi matuƙin da ba ya ganin ƙasa, ba ya ganin dutse, yaya ya ke sanin inda ya dosa?" Na ce mata ta yi haƙuri, amsar nan ta fi ƙarfin minti 40. Da Edita ya matsa mini lamba in kawo wani abu domin shafin Hausa na bana, na ce to, ga dama ta samu in biya bashi. Amma sai ku yi mini afuwa, don kafin in kai ku sama sai na bi da ku ta Loko.

Ni ɗan reluwe ne. Kun dai san garin Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun shekarar 1927 da ya zama mahaɗar hanyar da ta taso daga Fatakwal ta bi Inugu da Makurɗi zuwa Kaduna, da kuma reshen da ya hau Jos. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fita ne a Loko, aikinsa kuwa birki. Birkin jiragen wancan zamani da zuƙar iska ya ke aiki. Akwai bututu guda da ya bi ƙarƙashin taragai tun daga kan jirgi har wutsiya, kan jirgin ya riƙa zuƙe iskar da ke cikinsa. Muddin bututun nan ba iska a ciki, birki a sake ya ke. Da zarar iska ta shiga, sai birki ya kama. Sabo da haka ƙaramar ɓula a jikin tiyo guda ta isa ta sa jirgi ya yi ta jan ƙafa kamar jakin da aka yi wa lodi ya wuce kima.

Ina yaro na kan kai masa tuwo Loko in yana aikin dare. Sau da yawa na kan tarar da shi a tsugune gefen tarago da 'yar fitilar acibalbal a hannu, yana bin bututu sannu sannu, bai ce wa kowa kome ba. In ya zo inda ɓula ta ke, sai ka ga harshen wutar ya karkata ya nufi tiyo kamar an kira shi. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ka gani, yaro? Ɓarawo ya nuna kansa." Da ya komo gida da asuba, kafin ya kwanta, sai ya jawo wani kundi mai baƙin bango daga ƙarƙashin katifa, ya lashi bakin fensir, ya rubuta lambar taragon, da abin da ya same shi, da yadda ya gyara. Kundin ya kai guda 7 kafin ya bar aiki. Mu yara muna yi masa dariya a ɓoye, muna cewa Baba yana rubuta wa ƙarfe wasiƙa. Ku riƙe maganar kundin nan, za mu komo kanta.

A shekarar 2009 aka aike ni Ingila kwas na wata 9 kan koyar da kimiyya. Wanda ya taɓa zama a can ya san yadda ranar Asabar ta ke yi wa baƙo tsawo, ga sanyi, ga kewar gida. Ran nan na hau bas don kawai in kashe lokaci, na sauka wani ƙauye inda a ke da ɗan gidan kayan tarihi a wani tsohon filin jirgin sama na zamanin yaƙi. Waɗansu tsofaffi ne 'yan fansho ke lura da shi, ba wanda ke biyansu ko kwabo. Can a lungun wata rumfa na ga wani abu mai kama da jirgin wasan yara: akwatin katako shuɗi, da 'yan guntayen fukafukai, an ɗora shi bisa wani gindi mai kusurwa 8. Kusa da shi ga wani faffaɗan tebur da taswira a shimfiɗe. Tsofaffi uku sun dukufa a ƙarƙashinsa suna gardama. Na gaishe su, na tambaya ko abin wasan jikokinsu ne. Babbansu, wani dogo mai farin gashin baki, ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Samari, akwatin nan ya ceci rayukan da suka fi mutanen ƙauyen nan yawa." Na ji kunya, na ja kujera na zauna, don matambayi ba ya ɓata.

Ga abin da na koya a wurinsu, da abin da na ƙara karantawa daga baya. Sunan na'urar Link, sunan wanda ya ƙago ta ke nan, Edwin Link, mutumin garin Binghamton a Amurka, wanda aka haifa a 1904. Ubansa yana da masana'antar fiyano da ogan, irin ogan ɗin nan na coci mai aiki da iska. Yaron ya tashi cikin zugazugi da bawul da bututu, ga shi kuma da son tuƙin jirgin sama, amma kuɗin koyo ya yi masa tsada. Sai ya ɗebi kayan ogan na ubansa ya harhaɗa akwatin da mutum zai zauna ciki ya koyi riƙon jirgi ba tare da ya bar ƙasa ba. Ya gama shi a 1929. Da fari ba wanda ya kula, sai masu wuraren wasa su ne suka riƙa saye, mutane na jefa kuɗi suna hawa don nishaɗi.

Abin da ya juya al'amarin shi ne masifar 1934. A farkon shekarar nan gwamnatin Amurka ta ɗora wa matuƙan soja ɗaukar wasiƙu, aikin da ya ke bukatar tashi dare da rana, ko da hadari ko da hazo. Su kuwa sun saba tuƙi ne suna kallon ƙasa. Cikin kwana 78 matuƙa 12 suka mutu. Nan fa hafsoshi suka tuna da mai akwati, suka kira shi. Ranar da aka yi alkawari hazo ya rufe filin Newark, har sun fid da rai zai zo, sai ga shi ya sauko da jirginsa lafiya lau, da agogunan gabansa kaɗai ya yi tafiyar. Gani ya kori ji. Suka sayi guda 6, kowane ɗaya kimanin dala 3,500. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, an ƙera fiye da 10,000, matuƙan Amurka fiye da 500,000 suka bi ta cikinsa, suna kiransa Shuɗin Akwati. An ƙera waɗansu a Kanada domin sojan sama na Ingila, bayan yaƙi kuma wani kamfani a garin Aylesbury ya ci gaba da ƙera su a Ingila.

Kada ku ce labarin nan bai shafe mu ba. Jiragen sama na farko da suka sauka Kano, guda uku ne na sojan Ingila da suka taso daga Masar a watan Nuwamba 1925, su da ido suka zo, suna bin kogi da dutse da gari. Amma daga 1940, sa'ad da yaƙi ya toshe hanyar Bahar Rum, sai a ke kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri, su ƙetare Sudan zuwa Alƙahira. Dubban jirage suka bi ta samanmu haka, cikin hadarin damina da hazon hunturu irin wanda ya ɓoye mana Dutsen Kagoro. Da yawa cikin samarin da suka tuƙa su sun yi zaman akwatin nan kafin su zo.

Yadda ya ke aiki kuwa ba wuya. A cikin gindin akwai injin lantarki mai zuƙar iska. Ƙarƙashin akwatin akwai manyan zugazugi 4, kamar na maƙera amma na zane mai roba: gaba da baya, dama da hagu. In ka tura sandar tuƙi gaba, bawul ya buɗe, a zuƙe iskar zugazugin gaba, ya tsuke, hancin akwatin ya sunkuya. In ka kai ta dama, na dama ya tsuke, akwatin ya karkata. In ka taka feda, wani ɗan inji mai ƙananan zugazugi ya juya akwatin duka, har ya iya kewayawa ya komo inda ya tashi. Malami yana zaune a tebur, da irin agogunan da ke gaban ɗalibi, yana yi masa magana ta waya. A kan taswirar kuma akwai wata na'ura mai ƙafa uku da su ke kira ƙaguwa. Tana rarrafe a hankali, duk inda ka juya ta juya, tana barin layin tawada a bayanta. Watau duk abin da ka aikata a cikin duhu, a rubuce ya ke a fili.

Da suka ga na ƙi tafiya, dogon tsohon nan ya ce in hau. Ya nuna mini agoguna 6 da ke gabana: mai nuna gudu, mai nuna tsayi daga ƙasa, mai nuna ko hawa ka ke yi ko sauka, mai nuna inda hanci ya dosa, mai nuna karkatar fukafukai, da mai nuna saurin juyawa. Ya sa mini abin ji a kunne, ya ja murfi ya rufe ni ruf. Duhu ya gauraye, sai ɗan hasken agogunan, da hucin iska a ƙarƙashina kamar numfashin sa. Muryarsa ta zo ta waya, "Kana ƙafa 2,000, ka dosa arewa. Riƙe haka." Na riƙe, har na fara jin kaina. Ya ce, "Juya dama, digiri 3 kowane sakan. Cikin sakan 30 za ka fuskanci gabas, sa'an nan ka miƙe." Na juya, na ƙirga, na miƙe.

To, a nan ne abin ya faru. Allura ta komo tsakiya, ta ce mini na daina juyawa. Amma jikina duka, tun daga kai har ƙafa, ya rantse mini cewa ina juyawa hagu. Na ce a raina, na'urar da ta girme ni, tsofaffi uku na gardama a kanta, ita zan gaskata ko jikin da na ke tafe da shi shekara 40? Na taka dama don in gyara. Allurar hanci ta fara gudu. Na tsorata na ja sanda, gudu ya ragu. Tsohon ya ce, "Duba gudunka," ban ji ba. Can sai akwatin ya sunkuyar da kai ya shiga wulwulawa da ni, allurar tsayi na zubewa kamar ruwa a rariya. Da aka buɗe murfin, gumi ya jiƙa mini riga, ga shi kuwa lokacin sanyi ne. Suka kai ni tebur suka nuna mini layin ƙaguwa. Ya tafi sak kamar tsawon yatsa, daga nan ya nannaɗe kamar gammo. Tsohon ya ce, "Minti 4 ka yi. Kada ka damu, a nan mutum ya kan mutu sau goma kafin shan shayi, ya tashi ya sake."

Ga dalilin, ke mai tambaya. A can cikin kunnen kowane mutum akwai waɗansu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. In ka fara juyawa, ruwan ya kan yi jinkiri, ya tura waɗansu ƙananan gasu, su gaya wa ƙwaƙwalwa ana juyawa. In juyawar ta daɗe a kan gudu ɗaya, kamar sakan 20, sai ruwan ya bi jiki, gasun su miƙe, ƙwaƙwalwa ta ɗauka an tsaya. In kuma ka tsaya da gaske, ruwan ya ci gaba da tafiya, sai ta ce maka kana juyawa ɗaya gefen. Juyawar da ta yi sanyi ƙwarai kuwa, kunne ba ya ma jinta sam. A ƙasa ido ne ke gyara wannan kuskure ba mu sani ba. A cikin gajimare ko hazo ido ba shi da abin kamawa. A 1954 Jami'ar Ilinoi ta Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da agogo ba, aka rufe musu ganin waje suna sama. Dukansu jirgi ya ƙwace musu, in aka raba lokacin daidai kowa ya sami sakan 178, ko minti 3 bai cika ba.

Su agogunan jirgi ba su da wannan ruwa. Masu nuna juyawa da karkata da inda aka dosa, a jirgin gaske, a cikinsu akwai wata 'yar ƙafa mai nauyi da ke wulwulawa da gudu ƙwarai. Duk wanda ya murza katantanwa yana yaro ya san muddin tana juyi ba ta yarda ta faɗi. Haka 'yar ƙafar nan ta ke riƙe matsayinta, jirgi ya karkata ya bar ta, allura ta nuna bambancin. Tsohon ya gaya mini gaskiya, ya ce akwatin ba ya koya wa mutum yadda jirgi ke ji a jiki, don motsinsa daban ne. Abu guda ya ke koyarwa: in jikinka da allura suka yi gardama, ka bi allura.

Na ce masa, "To Baba, in allurar ce ta yi ƙarya fa?" Ya buga tebur ya ce, "Yawwa! Abin da ya sa ka same mu a ƙarƙashinta ke nan." Ashe allura ba ta faɗin gaskiya sai an daidaita ta, ba a kuwa daidaita ta da ka, sai da littafi. Littafin kuwa shi ne ba su da shi.

Daga ran nan kusan kowace Asabar ina can. Na ga wahalar neman takarda da idona. Akwatinsu ƙirar Ingila ne na bayan yaƙi, littafin da suka fara samu kuwa na ƙirar Amurka ne na lokacin yaƙi. A ido kamar Hasan da Husaini, amma hanyar bututu da ta waya ta bambanta, ga shi lantarkin Amurka bolt 110 ne, na Ingila ya ninka haka. Wanda ya bi littafin da ba nasa ba, ya ƙona abin da ba a sayar da irinsa a kasuwa. Littattafan soja kuma kowane da lambarsa, in ba ka san lambar ba, ba ka ma san abin da za ka tambaya ba. Sai da suka kankare fenti daga wani ɗan allon tagulla a jikin gindin, suka karanta irin ƙirar da lambarta, kana suka san inda za su dosa. Suka rubuta wasiƙu zuwa gidan tarihin sojan sama da ke Hendon, da ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew, da Jami'ar Binghamton inda takardun Edwin Link su ke ajiye. Suka yi ta musayar hotunan shafuka ta intanet da masu irin akwatin a Kanada da Ostireliya. Wani abin kuma, irin littattafan nan ba ɗinkakku ba ne, in an sake wani abu a na'ura sai a aiko da sabon shafi a cire tsoho. Sabo da haka kana iya samun littafi biyu masu lamba ɗaya, suna faɗin abu biyu.

Duk da haka wata cuta ta gagare su. In akwatin ya yi kamar rabin sa'a yana aiki, sai ya fara kwantawa hagu da kansa, ko ba wanda ya taɓa sanda. Sun san iska ce ke shiga wani wuri, amma tiyo ya fi a ƙirga, ga ƙarar inji ta hana kunne ji. Ina tsugune ina kallonsu, sai Loko ta faɗo mini a rai. Na ce, "A garinmu, babana da fitila ya ke kama irin wannan ɓarawo." Na ba su labari. Suka ce wuta kusa da katako da zane mai roba ba ta taso ba. Na ce to, a ba ni mako guda. Asabar ta gaba na zo da turaren tsinke da na saya a kantin wani Ba'indiye. Muka kunna guda, muka ta da inji, na bi zugazugin dama da shi sannu sannu yadda na ga ana yi. Hayaƙin yana tashi sak, yana tashi sak, har muka zo wata lanƙwasa ta baya inda zanen ya naɗe. Nan sai hayaƙin ya karya wuya ya shige ciki. Tsaga ce wadda ba ta kai tsawon farce ba, ba ta buɗewa sai zanen ya yi ɗumi. Na ji bakina ya ce, da Hausa, "Ɓarawo ya nuna kansa."

Dogon tsohon ya tashi ya ɗauko wani littafi mai bango ja, ya rubuta kwanan wata, da cutar, da maganin, ya ce in faɗa masa sunan garinmu harafi harafi. Ya ce wannan littafi wata mata ce ta kawo musu, ta same shi cikin kayan mahaifinta bayan ya rasu, makanikin irin akwatin ne a soja. Rabin abin da ya ta da na'urar daga cikinsa suka samo, abubuwan da littafin kamfani bai faɗa ba: wane bawul ne ke cijewa da sanyi, wane kusa ne ba a ɗaurewa da ƙarfi. Su kuma suka ci gaba da rubutu daga inda mamacin ya tsaya. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Mahaifinka ƙwararre ne. Lalle ya bar rubutu. Yana wurinka?"

Jama'a, ban iya ba shi amsa ba. Mahaifina ya rasu a 1998. Da muka zo rabon kaya, aka raba keke da rediyo da riguna, kundin nan 7 ba wanda ya ce yana so. Ni da na yi boko, ni ya kamata in ɗauka, amma na ce jiragen da ya rubuta labarinsu sun mutu, me za a yi da su? Na zuba su a kwali na tura sito. Bayan damina biyu na buɗe, na tarar gara ta gama da biyar, ta mai da su ƙasa. Biyun da suka ragu, wani yaron gida ya kai wa mai ƙosai. Aikin shekara 30 na mutumin da bai wuce aji huɗu na elementare ba, wanda ya koya wa kansa rubutu don kada abin da ya sani ya bi shi kabari, ni ɗansa malamin makaranta na ba gara. Dabara guda da ta tsira, don na gani da idona ne ina riƙe da kwanon tuwo. Sauran ɗaruruwan fa? Da na sani ƙeya ce. A cikin bas ran nan, har na iso masauki ban ga hanya ba.

Da na komo gida na yi abu biyu. Na fari, na je wurin wani mai aski a Kafanchan na yi hayar kujerarsa mai juyawa, muka ɗora ta a kan amalanke zuwa aji. Ɗalibi ya zauna, a ɗaure masa ido da ɗankwali, ya ɗaga ƙafa, ya nuna da babban yatsa gefen da ya ji yana juyawa. A juya shi dama a hankali ba tare da fizga ba. Kafin rabin minti sai ya ce an tsaya, alhali yana tafiya. A tsai da shi, sai ya nuna hagu, yana rantsuwa. Aji ya fashe da dariya, har sai an zo kan mai dariyar. Daga nan sai mu sa kamfas da tocila cikin kwali mai ramin leƙawa, ya kafa ido ciki, a sake juya shi. Jiki na faɗin nasa, allura na faɗin nata, shi kuwa ya zaɓa. Wani hafsan Amurka, William Ocker, da irin wannan kujera da akwati ya shawo kan matuƙa tun 1926. Ba ta cin kome sai ladan mai aski. Duk wanda zai koyar da darasin kunne a firamare ko sakandare, ga kayan aiki nan. Wanda kuma abin ya shiga ransa, Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya tana nan tun 1964, jikokin Shuɗin Akwati masu aiki da kwamfuta su a ke koyo da su a zamanin yanzu, amma karatun bai sake ba.

Na biyu, na sayi kundi mai baƙin bango. Sa'ad da na ke zagaya makarantu duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, na sha buɗe sito in ga madubin ƙara girman abu, da ma'auni, da janareta, har da kwamfutoci, an jibge sun yi ƙura. In na tambaya, sai a ce sun lalace. In na ce ina littafinsu, sai a ce malamin da ya san kansu an yi masa canji, ya tafi da shi, ko kuwa an yar da shi tare da kwali ranar da aka kawo kayan. Sau da yawa abin bai mutu ba, marayu ne kawai.

Sabo da haka, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, musamman ku 'yan ajin ƙarshe da za a rarraba ku Zonkwa da Kwoi da Kaciya da Godogodo, ga roƙona. Duk na'urar da aka danƙa muku, ranar farko ku kwafe abin da ke rubuce a allon jikinta: sunan maƙera, da irin ƙira, da lamba, da shekara. Littafin da ya zo da ita ku yi masa kwafi, ɗaya a ofis, ɗaya kusa da na'urar, ɗaya a waya. Kada ku kwance kome sai kun ɗauki hotonsa kun sa wa kowace waya alama. Ku ajiye kundi, duk abin da ya same ta da yadda aka gyara ku rubuta da kwanan wata, in an yi muku canji ku bar shi a nan, don na na'urar ne, ba naku ba. In kuma akwai tsoho a unguwarku wanda ya yi aikin reluwe, ko asibiti, ko gidan waya, ko ma'adinai a Jos, ku je ku gaishe shi da fensir a aljihu tun yana iya magana.

Ke kuma da ki ka yi tambaya, ga amsarki a taƙaice. Matuƙin da ki ka ji ƙuginsa cikin hazo, allura ya ke bi. Allurar kuwa wani makaniki ne ya daidaita ta a ƙasa, da littafi buɗe a gabansa, littafin kuma wani ne ya rubuta, wani ya adana. Kundina yanzu ya kai na uku. A shafin farko na na ɗaya na rubuta dabarar fitilar acibalbal, da sunan mai ita, da Loko, Kafanchan. Allah ya jiƙan magabatanmu, mu kuma ya ba mu ikon riƙon amana.